Tarun Dattijo Ok

Shekara arba'in na yi ina sayar da busasshen kifi a kasuwar bakin ruwa, kuma abu ɗaya na riƙe: kayan da kowa ya wuce yana yabawa babu mai tayawa, da su za ka koma gida. Karatuna aji uku ne, amma wannan kam na san shi.

A cocinmu na tsibiri, Dattijo Ok Byong-du ne ke riƙe da ajin yara na makarantar Lahadi, shekara talatin da ɗaya. Yakan tsaya cikin baƙar kwat, ya rufe ido, ya karanto aya, yara su maimaita. Da yara ashirin ya fara, aka wayi gari saura huɗu, biyu ma jikokinsa ne. Kowa ya gani, ba mai faɗi. Wa zai dubi tsoho ɗan shekara saba'in da biyu, wanda a bayansa aka ɗauko duwatsun ginin cocin, ya ce masa koyarwarsa na sa barci?

Fasto ma bai iya ba, sai ya zagayo ta baya. A watan Janairu, lokacin da teku ke hauka ba mai fita kamun kifi, ya gayyato Malama Sol daga makarantar horar da fastoci ta birnin Gwangju, ta yi kwana biyar tana shirya malamai. Ya sanar cewa duk wanda ba ta sa wa hannu a takarda ba, zai huta da koyarwa bana. Mun san wanda aka ɗinka wa rigar. Dattijo ma ya sani. Matarsa ta rasu, jirginsa ya sayar, ajin nan kaɗai ya rage masa dalilin goge takalmi.

Mu tara ne, ni Bang, dikon ne kawai mai hidimar coci, an sa ni don cike gurbi. Muna zaune a daɓe mai ɗumi, ga shayin sha'ir, ga gasasshen dankali, tana nuna mana yadda ake shirya darasi: ka karanta wurin sau uku, ka tambayi kanka me yaro ya riga ya sani, ka bar masa ƙofar tambaya. Rana ta huɗu ta ce kowa zai tashi ya koyar, sauran mu zama yara 'yan shekara bakwai. Da ɗaya daga cikinmu, Maman Sun-dok, ta tashi, mun wahalar da ita. Wannan ya ja mata siket, wancan ya ce fitsari yake ji, aka yi ta dariya.

Sai aka zo kan Dattijo. Nan da nan yaran suka girma. Kowa ya lanƙwashe ƙafa, ya miƙe baya, ya ɗora hannu a gwiwa. Ya rufe ido ya shiga labarin Siman, wanda ya kwana yana su bai kama komai ba, Yesu ya ce ya sake jefa taru, ya kama kifi har tarun ya soma yagewa. Duk inda ya ja numfashi sai a ce, "Amin." Na saci kallon Malama. Alƙalaminta bai motsa ba. Autarsa ma ta girme ta, ba za ta gyara masa ba. Za ta rusuna ta yi godiya, ta hau jirgi, takardarsa ba hannu. Ana yaba kaya ke nan, babu mai tayawa.

Na ɗaga hannu. "Malam! Shi Yesun nan masunci ne?"

"Kafinta ne. Yi shiru." Bai ko buɗe ido ba.

"To, kafinta ne zai nuna wa masunci inda kifi yake? Da rana tsaka? Da ni ne Siman, sai in ce ya je ya ji da katakonsa."

Maman Sun-dok ta mintsine ni a cinya. "Dikon Bang, ka haukace ne?"

"Shekarata bakwai, Inna, ƙyale ni."

Sai ya buɗe ido. "Kai, mai warin kifi, tun kana yawo ba wando ba ka da kunya."

"Na ji, Yaya. Amma kai da ka ƙare ƙuruciyarka a ruwa, da za ka yarda?"

 Dattijo bai taɓa kawo zancen kamun kifi cikin coci ba, yana ganin aikin ƙazanta ne, bai dace da Littafi Mai Tsarki ba.

"Da ban yarda ba," in ji shi. "Ka san nauyin taru in an gama wanke shi? Ina za ka sani, kai da sai kifi ya bushe kake ganinsa. Mutanen nan sun wanke, sun ɗauraye, hannu ya tsattsage, sannan a ce su mayar da shi ruwa!"

Ya tuɓe kwat ya yar. Ya nuna yadda ake ja, ƙafa a dogare, igiya a kafaɗa. Ya ce akwai shekarar da ya yi kwana goma sha shida ba kifi, marigayiya matarsa ta ce ta yi addu'a, ya sake fita sau ɗaya. Ya ce mata ta ji da tukunyarta. Amma ya fita.

Malama ta ɗaga hannu, da muryar ƙaramar yarinya. "Kaka, ka kama da yawa?"

"Ko ɗaya."

"To me ya sa Siman ya samu, kai ba ka samu ba?"

Ya dubi tafin hannunsa. "Ban sani ba, 'yata. Shi ya jefa, ni ma na jefa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Shekara sittin na san shi, ban taɓa jin "ban sani ba" daga bakinsa ba. Na ga alƙalamin Malama ya soma tafiya.

Ta sa masa hannu. A bakin ƙofa muna sa takalma ya ce mini, "Ka tozarta ni a gaban yarinya." Na rusuna har ƙasa, bai dube ni ba. Ranar Lahadi aka gan shi ya nufo coci da tsohon taru a bayansa, yara na biye suna toshe hanci suna tambayar na mene ne. Ni kuwa ya daina amsa gaisuwata har sanyi ya wuce.

Wata ranar kasuwa ina kasa kaya, na ga gogaggun takalma a gabana. Ya ɗauki ɗaurin kifi, ya juya shi, ya shinshina.

"Jikata ta tambaye ni wa ya gyara tarun Siman da ya soma yagewa," in ji shi. "Kai ka koya musu wannan fitina." Ya jefar da ɗaurin. "Wannan kuma bai bushe ba. Rage mini."