Layin da Ba Ya Yankewa

"Ni dai wanne ne ba ya yankewa?" Baba Tela ya sake tambaya, ya ture takardar da yarinyar kantin intanet ta miƙo masa.

"Baba, iri uku ne. Akwai ɗan akwati mai sim, akwai faranti na kan rufi, akwai kuma wanda ake jawo waya har cikin ɗaki. Wannan na ƙarshen ko gezau ba ya yi. Fim kuke kallo?"

"Ɗana nake kallo."

Shekara huɗu ke nan da Auta ya tafi aiki ƙasar waje. Duk ranar hutu yakan kira ta bidiyo, amma ko gaisuwa ba a gamawa hoton zai daskare, kira ya yanke, sai saƙo ya biyo baya: "Baba, intanet ɗinku ba kyau." Inna, mahaifiyar Auta, da idonta ya fara hazo, takan zauna da waya a cinya ta yi tagumi. Abin ya ishi tsohon.

Baba Tela ya zaɓi wanda ake jawo waya har ɗaki. Ma'aikata suka huda bango daidai kan keken ɗinkinsa, garin siminti ya zubo a yadin mutane. Mutumin da zare ɗaya ke sa shi faɗa, yau kakkaɓe yadin kawai ya yi.

Da la'asar Auta ya kira. Kai! Hoto tangaran, har ƙurjin askin da ke wuyansa ana gani. Inna ta karɓe wayar, ta kai ta dab da hanci.

"Auta, likita ya ce idon nan rufewa yake yi. Yaushe za ka zo in gan ka?"

Auta ya buɗe baki, sai ya tsaya cak.

Baba Tela ya leƙo ta kafaɗarta. Shi har yanzu ba ya neman tabarau in zai zura zare a allura. Fuskar yaron ta ƙame, amma fankar da ke bayansa juyawa take, labule na kaɗawa. Yana kallo Auta ya ƙifta ido, kafaɗarsa ta ɗan motsa a hankali, kiran ya yanke.

Baba Tela ya ja da baya. Ashe shekara huɗu ana yi musu wasa da hankali, shi kuma yana ta zagin kamfani.

"Ya sake tsayawa ko?" in ji Inna.

"Ya tsaya."

"Ba kai ka ce wannan ba ya yankewa ba? Allah ya isa tsakanina da yarinyar kantin nan! Yaro na can yana so ya yi magana da uwarsa, sun hana shi. Gobe ka koma su ba ka mai kyau."

Baba Tela ya karɓi wayar daga hannunta, ya kife ta a kan keke.

"Zan koma," ya ce.