Tawadar Mahfuzu a Jikin Kifi

Mahfuzu bai iya zama wuri ɗaya ba. Matarsa Sharifa takan ce da kujera na da baki, da tuni ta kai ƙararsa. Tun da ya bar aikin karanta sanarwa a gidan rediyo ya ɗora wa kansa sana'ar da ba wanda ya aike shi, wato bin diddigin talla. Allon shago ne, waƙar sabulu ce, mai lasifika ne a bayan babur, sai ya tsaya ya binciko wanda ya yi, ya rubuta ko ya yi kyau ko shirme ne. Haka aka haifi mujallarsa, Allon Gari, rabi Faransanci rabi Hausa. Shi ne ɗan rahoto, shi ne edita, shi ne mai ɗauko ta daga wurin bugawa a Ngawundere. Yau yana Maruwa, gobe Garwa, har furfura ta cim masa a kan hanya.

Abin alfaharinsa ɗaya ne, mujallarsa ba ta kwantai. Duk wata yakan jibge ta a rumfar Étienne mai jarida a Garwa, garin da yake zaune, kafin mako ya zagayo ta ƙare.

A fitowar wannan watan ya zazzage cikinsa a kan 'yan kasuwar da ke kafa allunansu da ƙusa a jikin itatuwan dogon yaro, har inuwar Garwa ta fara bushewa. Sunayensu ma bai ɓoye ba. Ya ce wa Sharifa ta ɗaura ɗamara, don har gida za a biyo shi da faɗa.

Ya jira, shiru kake ji. Ya duba waya, ya girgiza ta, ya leƙa ƙofa, ya dawo. Ran Juma'a wani alhajin da ya fi caccaka a mujallar ya rungume shi a masallaci yana tambayar iyali. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da zagi ne da ya ji daɗi, don mai zaginka aƙalla ya karanta ka.

Bai tsaya cin abinci ba ya nufi rumfar Étienne.

"Wai su wa ke sayen mujallar nan?"

Étienne ya sosa ƙeya. "Patron, ranka ya daɗe, ai ba ka taɓa tambaya ba. Mutum ɗaya ce ke kwashewa. Dada Fati, can gindin gada."

Ya haye babur ɗin haya sai bakin kogin Binuwai. Ga dattijuwa gaban kasko tana suyar kifi, ga tarin Allon Gari a gefenta an danne da dutse. A kan idonsa ta yage shafi, ta naɗe wa wani direba ƙarfasa biyu. Ya matsa kusa da ita.

"Dada, ni ne mai wannan takarda."

Ta ajiye matsami. "Kai ne? Alhamdu lillahi! Da ma nemanka nake, ina da magana a kan ta wannan watan."

Murna ta taso masa. Ya gyara tsayuwa, ya zaro biro.

"Ɗana, takardarka ba ta da ta biyu, ba ta yoyon mai. Amma wannan karon tawadar bin kifi take. Jiya har dawo mini da shi aka yi." Ta warware ƙunshi ɗaya ta miƙa masa. "Duba. In ba za ka gyara ba, in koma takardar siminti."

Ya duba. Ga baƙaƙe a juye sun kwanta a fatar kifin, har ya gane rabin sunansa wajen wutsiya. Tun yana da baƙin gashi yake roƙon Allah ya kawo ranar da wani zai tare shi da ƙorafi kan mujallarsa. To, ga ranar ta zo. Ya rasa ko dariya zai yi ko kuka.

"Kin daɗe kina saye?"

"Tun kafin a aurar da autata. Ban taɓa fashi ba."

Ya mayar da biron aljihu.

"Za a gyara, Dada. Kada ki koma siminti."

Ya ɗaga wa mai babur hannu, kifin na ɗiga mai a hannun rigarsa.

"Tashar Ngawundere," in ji shi. "Yi sauri, kada mota ta tashi."