Kujerar Sallar Hajiya Furera

Mannir na cikin goge hannun kujerar da tsumma wayarsa ta yi ƙara a kan teburin aiki. Bai ɗauka ba. Ya san ƙanwarsa Iklima ce, ya kuma san abin da za ta ce: an sallami Hajiya daga asibiti, an mai da ita gida unguwar Gobarau, shi yana ina. Yana inda ya saba, cikin garejin gidansa na Kambarawa, wanda ya kori mota daga ciki ya mayar wurin aikin katako tun da ya yi ritaya daga ma'aikata.

Wurin kam ya tsaru. Kowane zarto na da ƙusarsa a bango, ya kuma zagaye siffar kowane kayan aiki da baƙin fenti don kada guduma ta kwana a gurbin gizago. Ƙusoshi na cikin gwangwanayen madara, manya daban, ƙanana daban. Akwai kanta ta katako mai kyau, akwai ta ragowa, akwai wata da ya yi musamman don ajiye kayan da zai yi wasu kantocin da su. Abokan karatunsa na jami'a duk sun san wannan, don ba ya kafa ƙusa sai ya ɗauki hoto ya tura musu a zaurensu na WhatsApp, da rubutu a ƙasa: aiki na tafiya. Aikin kuwa na tafiya, isowa ce dai bai taɓa yi ba. Teburin cin abincin da ya yi wa matarsa alkawari na jingine a kusurwa da ƙafa uku.

Kujerar ta mahaifiyarsa ce, Hajiya Furera. Tun da gwiwoyinta suka ƙi ruku'u da sujada take salla a zaune, kan farar kujerar roba irin ta gidan biki. Shi ya gani wata Juma'a ya ce bai dace ba, zai yi mata ta maɗaci, mai hannu da majingina. Hajiya ta ci gaba da jan carbinta. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta roƙonsa ko allura. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa na kusa, ko da yana zaune a gabanta. Azumi ya wuce, babbar salla ta wuce, sannan wata rana ta ce wa Iklima, "Halan mai garejin nan ya samu katakon?" Mannir, wanda ya shafe shekarun aikinsa yana fassara takardun gwamnati, ya fassara wannan da cewa babu gaggawa.

Sai ranar da ƙafar kujerar roba ta baje a kan tayil, Hajiya na tsakiyar la'asar. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Tun ranar ya tare a gareji. Asibiti yakan leƙa da safe, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi sannu, ya ajiye ledar lemo, ya ce yana da aiki. Ya ƙudura cewa ranar da za a mai da ita gida, kujerar za ta tarar.

Matarsa Bilkisu ta tsaya a ƙofar garejin, ba ta shiga ba, don an hana shiga da takalmin gida.

"Abban Fadila, Iklima ta kira ni. Ta ce in tambaye ka ko wayar ma ka kafa mata ƙusa ka rataye."

"Ki ce mata ina nan tafe."

"Haka na ce mata jiya."

"Man da na shafa ne bai gama bushewa ba."

"Ka tafi hakanan mana. Hajiya za ka dubo, ba mai ba."

Ya jawo kujerar bakin ƙofa inda haske ya fi kyau, ya zagaya ta, ya ɗauki hoto. Wannan karon ya rubuta: an gama. Kafin ya nemo igiya amsoshi sun fara shigowa. Tanko, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a jami'a, ya rubuta cewa a yanka rago, yau Injiniya ya sa wa abu ƙafa huɗu. Wani ya rubuta cewa Hajiya ta more ɗa, Allah ya ba mu masu yi mana haka. Mannir ya karanta wannan, ya sa wayar a aljihu.

Kujerar ta ƙi shiga mota. Ya ɗora ta a but ɗin baya, ya ɗaure murfin da igiya, ya tuƙa a hankali har cikin gari, masu babur na zaginsa suna wucewa. Lungun gidansu mota ba ta shiga, sai ya ajiye ta a bakin hanya ya saɓi kujerar a kafaɗa. Dattawan da ke zaune a inuwar masallaci suka gaishe shi, suka yi masa ya mai jiki, suka tambayi iyali. Wani tsohon tela da ya san shi tun yana yawo ba wando ya ce, "Darakta, an koma dako ne?" Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi a ƙofar gidan mara lafiya.

Iklima ya tarar a tsakar gida tana wanke roba. Ta dubi kujerar, ta dube shi.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da godiya." Ta zubar da ruwan a magudana. "Likita ya nemi ganinka jiya. Ya ce babban ɗa yake so. Na ce mashi babban ɗan na wurin aiki."

"Me ya ce?"

"Ajiye kayan tukuna."

Ya sauke kujerar. Ya lura ƙasa ta taɓa ƙafarta ɗaya, ya goge da gefen rigarsa.

"Ba za su yi mata aiki ba," in ji Iklima. "Ga shekaru, ga zuciya. Ya ce ƙashin ba zai haɗu ba. Sai dai mu riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo."

"Zama fa?"

"Wane zama, Yaya? A kwance ta yi azahar. Da kai take yi."

"Ita ta sani?"

"A gabanta ya faɗa. Ƙugunta ya karye, ba kunnenta ba."

Ya tsaya yana kallon majinginar da ya yi kwanaki yana lanƙwasawa don ta dace da bayan tsohuwa. Iklima ta goge hannu da zanenta.

"Tun da ka kawo, ka shiga da ita. Ta ji sallamarka."

An shimfiɗa wa Hajiya katifa a ƙasa, an tokare ta da matasai ta fuskanci gabas. Ta ƙanƙance. Ɗakin na warin man zafi da turaren wuta. Mannir ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, kamar yadda ta saba amsa masa tun yana yaro. Iklima ta jawo kujerar har gefen katifa.

"Hajiya, ga kujerarki an gama."

Hajiya ta juyo da ido. Ta daɗe tana kallonta, daga ƙafa zuwa majingina. Ta miƙa hannu ta shafi ƙafar da ke kusa da ita, ta murza yatsunta, ta kai hanci.

"Maɗaci ne," ta ce wa Iklima.

"Shi ne, Hajiya."

"Ki ce mashi ta yi tsawo. Ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba."

Mannir ya san ba ta yi tsawo ba. Da karyayyar kujerar roba ya auna, ya sake aunawa.

"Hajiya," in ji Iklima.

"Ki ce mashi ya koma da ita ya rage. Kuma kada ya yi sauri ya ɓata katako mai kyau. In na tashi zan aika."

Iklima ta juyo ta dube shi, ba ta maimaita ba. Ya buɗe baki zai yi wa Hajiya magana, sai ya ga bai san ta inda ake farawa ba. Ya dubi Iklima.

"Tambaye ta, kamar yaya za a rage?"

Hajiya ta ɗaga hannu daga kan zane, ta buɗa babban yatsa da manuni, ta bar ɗan tsakani. Mannir ya laluba aljihu ya ciro tef ɗin awo, amma kafin ya warware shi hannun ya koma kan katifa.

"Ka dai gani," in ji Iklima.

Ya ce ya gani. Ya miƙe ya ɗauki kujerar.