Kalmomi Biyun da Suka Gagari Mardiyya

Malama Kamila 'yar cikin garin Haɗeja ce, ruwan da ta sani bai wuce na randa ba. Amma duk ranar Laraba sai ta hau kwale-kwalen Sa'idu ta haye zuwa wani ƙauye kusa da Auyo, inda take koya wa mata masu bandar kifi Turanci.

Ran nan darasin kalmomi biyu ne kacal. Ta rubuta "hold on" a allo, ta ce, "Ma'anarsa ki riƙe, kada ki saki. Ana faɗa wa wanda abu ke neman kuɓuce masa." Kowacce ta maimaita, ban da Mardiyya, dattijuwar ajin, wadda harshenta ya ƙi juyawa. Kamila kuwa ba a san ta da haƙuri ba. Ta ce, "Haba Iya, wata uku kina zuwa, kalma biyu ta gagare ki?" Mardiyya ta sunkuyar da kai.

Da la'asar matan suka rako ta gaɓa. Kogi ya cika ya tumbatsa, ruwan jajawur sai gudu yake. Ta shiga kwale-kwalen Sa'idu, ba su yi nisa ba wani kututture da ruwa ya kwaso ya daki kwale-kwalen. Mutumin kogi in ya tsorata ƙara lafewa yake yi a zaune. Kamila ta miƙe tsaye, kwale-kwalen ya kife.

Ta taso tana shan ruwa, ta cafki gefen katakon kwale-kwalen. Ruwa ya ja Sa'idu can ƙasa, yana iyo yana neman gaɓa. Tsoron da ba ta taɓa ji ba ya kama ta, zani ya nannaɗe mata ƙafafu, hannuwanta suka fara mutuwa. Ga ciyawar kacalla nan kusa, koriya shar, sai ka rantse tudu ne. Duk ɗan ƙauyen ya san ƙarƙashinta zurfi ne da saiwoyi masu harɗe ƙafa, wanda ya saki jirgi ya nufe ta da wuya ya fito. Ita ba ta sani ba. Ta saki hannu ɗaya.

Matan gaɓa na ta ihu, salati da kuka sun cakuɗe, ba ta gane ko ɗaya ba. Sai wata tsohuwar murya ta keta hayaniyar, daban da sauran.

"Malama! Hold on! Hold on!"

Kamila ta mayar da hannun. Ta rungume katakon, farcenta ya karye ba ta ji ba, tana nan maƙale har masunta biyu suka iso da wani jirgin, Sa'idu a cikinsu yana ɗiga.

A gaɓa Kamila na karkarwa, Mardiyya ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta tambaya a hankali, "Malama, na faɗa daidai?"

Kamila ta kama hannun tsohuwar, ta ƙi saki.