Shaidar Malam Hadi a Gaban Kwamiti

Malam Hadi ya yi shekara ashirin da shida yana aikin malamin gona a Daudawa kafin 'yan bindiga su tare motarsu a hanyar Faskari. Wata biyu da kwana tara ya yi a hannunsu. Da ya dawo, raunukan jikinsa suka warke cikin 'yan makonni, amma shi bai dawo daidai ba. Ya daina fita. In babur ya wuce ƙofar gida sai ya shige ɗaki ya sa sakata. Wata rana ya wuni bai ce uffan ba, wata rana ya yi ta magana da mutanen da ba su nan.

Matarsa Hajaratu ta riƙa ce wa maƙwabta hawan jini ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, ba sauƙi. Sai da Tabita, wata ma'aikaciyar jinya da suke zumunci, ta ce mata wannan ciwo ne kamar kowane ciwo kuma yana da magani, sannan suka fara zuwa wani asibiti a birni duk wata, su fita da sassafe su dawo da yamma liƙis. Cikin shekara biyu Malam ya dawo hayyacinsa. Ban da Tabita da 'ya'yansu, ba wanda ya san inda suke zuwa.

A daminun nan biyu 'yan ƙwadago ne suka noma masa gona. Suka shuka dawa a kan dawa, ba wanda ya kula ya tumɓuke wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar hatsi ta tsotse shi. Ranar da ya fara komawa gonar, sai ya tarar da ita ta yi ja tun daga bakin hanya har rafi, dawar kuwa ba ta kai masa ƙugu ba. Ya duba gonakin maƙwabta, ya ga ba tasa kaɗai ba ce.

Ana cikin haka takarda ta zo daga Alhaji Nasir, ɗan majalisar jiha, wanda tun yana saurayi yake zuwa neman shawarar iri wurin Malam. Kwamitinsu zai zauna a Ƙanƙara ya yi wa jami'an gwamnati tambayoyi a gaban jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kan abu biyu: yaɗuwar wuta-wuta, da kula da masu taɓin hankali. Yana son Malam ya zo ya yi bayani a kan ciyawar.

Hajaratu na goge masa riga ta ce, "Malam, maganar ciyawa aka kira ka. Ka tsaya nan. Ka san bikin 'yarmu Zulfa bayan kaka ne, kuma ka san bakin mutane."

Ya ce, "Na ji."

Duk da haka ta bi shi. Ta zauna a ɓangaren mata, can baya kusa da taga.

Ɗakin taron ya cika har waje. 'Yan majalisa biyar na zaune a dogon tebur, jami'an gwamnati a gefe da takardunsu. Da aka kira Malam Hadi, ya fito da wuta-wuta guda a hannu, da saiwar dawar da ta manne wa. Ya nuna musu inda take kamawa. Ya ce irinta ya fi garin tuwo laushi, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jiran hatsi. Ya ce a tumɓuke ta kafin ta yi fure a ƙone, a riƙa sauya shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga, a samo irin masara mai jure mata. Alhaji Nasir ya juya ga jami'in gona ya tambaye shi yaushe irin masarar zai iso, kuma ina malaman gonan da za su zagaya ƙauyuka. Jami'in ya fara zagaye-zagaye, Alhaji ya ce, "Wata nake tambaya. Wane wata?" Sai da ya ce kafin ruwan farko na baɗi, aka rubuta.

Malam ya koma ya zauna. Hajaratu ta sauke ajiyar zuciya.

Bayan azahar aka shiga magana ta biyu. Alhaji Nasir ya tambayi jami'in lafiya me ya sa a ƙananan hukumomin nan uku mutum sai ya tafi birni kafin ya ga wanda ya san ciwon ƙwaƙwalwa. Jami'in dattijo ne mai natsuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, muna aika ma'aikata ne inda masu buƙata suka bayyana. Daga wannan yanki, waɗanda suka zo mana da irin wannan ciwo ba su taka kara sun karya ba. In akwai su, ba mu gan su ba."

Alhaji ya dubi jama'a. "Akwai mai abin cewa?"

Hajaratu ta san aƙalla gida huɗu a layinsu da ke da mai irin wannan ciwo a ƙuryar ɗaki. Ba wanda ya motsa. Sai ta ga hular Malam ta ɗago.

Ya ce, "Yallaɓai, ga ɗaya. Ni ne."

Wasu suka juyo. Malam ya ci gaba da magana.

"Ni da na tsaya ɗazu na yi maku bayanin ciyawa kuka rubuta, shekara biyu ban san inda kaina yake ba. Ba aljanu ba ne, ba asiri ba ne. Abin da na gani a daji ne ya biyo ni gida. Har yau ina shan magani, ga shi nan a aljihuna." Ya fito da shi ya ɗaga. "Ba ku gan mu ba don muna ɓoyewa ne, kuma hanya ta yi nisa. Ni Allah ya ba ni mace mai ƙoƙari, ita ta riƙa ɗauka ta tana kai ni. Wanda bai da ita fa, mi zai yi?"

Matan da ke kusa da Hajaratu suka waiwayo suna kallonta. Ta ji kamar ta nutse. Amma muryar Malam ba ta rawa, irin muryar da yake koyar da manoma da ita ce a gindin kuka shekarun baya. Ta gyara mayafi ta ɗaga kai.

Wani dattijo daga Damari mai suna Barau ya miƙe ya ce ɗansa ma haka yake tun da aka ƙone musu rumbuna. Wata mata ta miƙe ta ce ƙanwarta. Kafin a ankara mutum goma sha bakwai na tsaye. Alhaji Nasir ya bari suka gama, sannan ya dubi jami'in ya ce, "To, yanzu ka gan su. Yaushe?"

Jami'in ya cire tabarau ya goge. Ya ce ba zai yi alkawarin likita ba, don likitocin ba su da yawa, amma zai iya turo ma'aikacin jinya da ya koyi aikin, da magani, sau biyu a wata, daga wata mai zuwa. Alhaji ya sa ya maimaita, aka rubuta, ya ce kwamiti zai sake kiransa bayan wata uku.

A motar komawa Daudawa, Malam ya ce, "Na saɓa maki."

Ta ce, "Ka saɓa." Can ta ƙara da cewa, "Amma da ka yi shiru, da ni na miƙe."

Labari ya riga su isa gida. Washegari baffan angon Zulfa ya zo, Hajaratu ta laɓe bayan ƙofa tana saurare. Bayan doguwar gaisuwa, mutumin ya rage murya ya tambayi Malam sunan asibitin, da ranar da ake ganin likita. Matarsa ce ke fama da irin ciwon, in ji shi, shekara uku ke nan.

Ma'aikacin jinyar bai zo a watan da aka faɗa ba, sai a na bayansa, bayan Alhaji Nasir ya sake tayar da maganar a majalisa. Ranar farko mutum shida suka je ganinsa a asibitin garin. Malam Hadi ya riga kowa zama a benci, yana gaisawa da duk wanda ya shigo da sunansa.