Farar Rigar Ma'aikaci

Dutsen guga ya yi zafi, farar rigar tana shimfiɗe a kan tebur, shi kuwa Ma'aikaci yana tsaye a kanta ya kasa farawa.

A layin nan babu mai kiransa da sunan yanka. Shekara da shekaru shi kaɗai ne mai fita ofis da safe. Sauran mazan suna jere a benci a ƙofar mai aski, su gaishe shi, wani ya karɓar masa jaka har bakin titi. Duk wanda aka kira ganawar neman aiki, wannan rigar yake zuwa aro. Yakan bayar da fara'a, ya haɗa da nasiha. Da yamma a dawo masa da ita a ninke, fuska a yamutse, ya ce a yi haƙuri, rabo bai tsaga ba. A irin ranar yakan ci abinci har ya nemi ƙari. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Mutum irinsa ba ya tambaya.

Sai ƙasa ta farfaɗo. Kullum rediyo na faɗin ayyukan yi sun ƙaru, wai alamar lafiyar tattalin arziki ke nan. Ma'aikaci yakan murɗe shi, ya ce daɗin baki ne. Amma benci bai iya ƙarya ba. Aka buɗe masana'antar takalma a bayan gari, aka buɗe ta kwalabe, benci ya wayi gari sai ƙura. Yanzu a tashar mota layi yake bi a bayan yaran da ya koya wa ɓalla maɓallin wuyan riga. Ɗaya har ya dafa masa kafaɗa, ya ce ai mu ma'aikata muna shan wahala.

Wanda ya rage masa shi ne ƙanensa, Auta, mai ci a ƙarƙashinsa. Duk sa'ad da Inna za ta ce babban ɗanta shi ne bangon gidan nan, a gaban Auta take faɗa. To, jiya aka kira Auta ganawa, kuma a ofishin da Ma'aikaci yake, a bene na sama, inda shi kansa sai an neme shi yake hawa. Inna ta ce yayan ya goge wa yaro rigar da hannunsa, don albarka.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Maigida, yau rigar ce ke yi maka kwarjini?"

Ya ɗora dutsen a ƙirjin rigar, ya bar shi nan. Ya ji ƙauri ya tashi, bai ɗaga ba sai da ya tabbata. Matar ta dubi tabon, ta dube shi, ta koma ciki. Da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Yana shirya yadda zai ɗora laifin a kan wuta sai ga Auta ya yi sallama, sanye da sabuwar riga shuɗiya, wata kuma a leda. Ya ce yayansa ya bar wahalar guga, abokan benci ne suka haɗu suka sayo masa biyu, wai kayan aro ba ya rufe katara. Sai idonsa ya faɗa kan tebur.

"Wayyo Yaya, saboda ni ka yi asarar rigarka?"

Ma'aikaci ya ce ba komai. Amma da komai, domin ɗayar rigar tasa tana kan igiya tana ɗiga, ga lokacin fita ya yi. Inna, da ƙauri ya fito da ita daga ɗaki, ba ta ga abin damuwa ba.

"Sa ta ƙanenka mana. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya sa. Ta matse shi a hammata. Auta ya gyara masa wuyan, ya ce kada ya yi gaggawar dawo da ita, ya riƙe har ya samu hali.

Suka fito tare, riga iri ɗaya. Mai aski yana zaune shi kaɗai a kan bencin, yana wasa askarsa. Ya ɗaga hannu ya kira, "Ma'aikaci, an fito?"

Su duka biyun suka waiwaya.