Ɗanyen Bangon Lakwal

Jummai na yayyafa wa tabarmi ruwa da tafin hannu, Malam Istifanus ya tsaya a bayanta, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Inna Jummai, yau kwana shidda ke nan."

"Na san lissahi, Malam. Ni ka ɗibar ruwan."

Shi ne malamin sabuwar lakwal ɗin da aka gina a unguwarsu, can gefen Tawa. Mutumin Maraɗi ne, mai haƙuri, amma ranar Litinin manya za su zo buɗe makarantar, kuma haƙuri ba ya tsai da motar manya. Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai, duk abin da aka gina sai an yi masa taro.

"In bai tashi ba, sai samari su shafe wurin da farar ƙasa," in ji shi a hankali.

"Shina tashi."

Ba ta juyo ba. Ya ɗan jima tsaye, ya tafi.

Bangon zauren shiga ake magana. Mutanen unguwa ne suka ce 'ya'yansu ba za su shiga boko ta ƙofar da ba ado ba. Maza suka haƙo jar ƙasa, suka tattaka ta da ciyawa da kashin jaki, aka bar ta ta ruɓa. Mata kowace tulu biyu kullum, a tsakiyar bazarar da rijiyoyi ke ba da ruwa kamar ana roƙon marowaci. Zane kuwa aka bar wa Baba Alƙasum, tsohon magini, wanda danga ɗaya ta raba gidansa da na Jummai shekara ashirin da 'yan kai.

Kowa da abin da ya roƙa. Manoma suka ce zangarniyar gero, Buzaye suka ce raƙumi da takobi, liman ya ce allo. Baba Alƙasum ya fito musu da su duka a hannun dama, da yatsa da bakin wani tsohon cokali, yana aiki yana tsokanar duk wanda ya wuce. Hannun hagu na mata ne, su kuma tulu da turmi suka ce. Ya shafa sabon yaɓe a wurin, ya yi sumul, ya ɗaga yatsa ke nan tari ya turnuƙe shi. Ranga-ranga aka kai shi gida.

To irin wannan zane ba ya yiwuwa sai yaɓe na ɗanye. Ruɓaɓɓiyar ƙasar ta ƙare, kuma babu maginin da zai sa yatsa cikin aikin wani alhali mai aikin na numfashi. Shi ya sa aka rufe wurin da tabarmi uku, ana jiƙa su safe da rana. Ranar farko mata goma suka zo. Rana ta huɗu saura uku. Ba mugunta ba ce. Wadda ɗanta ke kukan ƙishirwa ba ta shayar da bango. Daga nan sai Jummai kaɗai.

Ta dama kunu ta kai wa Baba Alƙasum. Ɗakin ya yi masa yawa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa guda ya tafi Abijan shekara biyar, ko saƙon baki babu.

"Uwar tsiwa ce?" Muryar ta zama siririya. "Ina labarin bangona?"

"Shina nan jiƙe sharkaf. Ya hi ka lahiya."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta tallafe shi har ya lafa.

"To ba ni mutuwa yau. Magini bai tahiya ya bar bango ɗanye, kunya ta."

"Sha kununka, tsoho."

Ta san wasa yake. Tun ranar da mijinta ya rasu da irin wannan wasa yake riƙe ta, ta saman danga, har ta koyi dariya kuma. Amma maganar ta zauna mata a zuci, ta ƙi tashi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, cewa ran da bangon ya bushe shi ke nan.

Ranar Asabar rijiyar unguwa ta ƙafe. Guga ya sauka, ya hau da laka. Jummai ta dawo da tulu fayau, ta shiga wurinsa ta zauna a bakin ƙofa.

"Mi ya hwaru?"

Ta gaya masa.

Ya dubi rufin ɗaki. Sa'an nan ya nuna lungu da haɓa.

"Ɗebi na randata."

"Kai kuma ka sha mi?"

"Kununki ruwa na, tunda rowar gari gare ki. Ɗebi duka. Gobe da yardar Allah ni tashi, in yi muku tulunku da turminku, ku sarara mini."

Babba ya ce a yi, kuma abin da ranta ke so ke nan. Ta kwashe randar tas, har ta karkata ta don na ƙasa ya fito. Ta ce a ranta gobe da wuri za ta cika masa ita. Da ta fita yana murmushi.

Ranar Lahadi, ana idar da sallar asuba ta kama hanyar Barmu, inda aka ce wata rijiyar fadama na ɗan tsatsafowa. Ta iske mata da jakuna sun riga ta. Ba ta samu ba sai da rana ta take, tulu ɗaya, shi ma da magiya. Iska mai zafi ta taso tana kan hanya. Gaban lakwal ta fara biyawa, don nan hanya ta bi. Ta ce rabi na bango, rabi na tsoho.

Ta sauke tulun ke nan Tanko mahauci, maƙwabcinsu na ɗaya gefen, ya ɓullo daga lungu, ba ko takalmi.

"Jummai, sai haƙuri. Baba ya cika."

"Yaushe?"

"Da hantsi na leƙa gaishe shi. Bakin randa na iske shi, da moɗa ga hannu."

Ta dafa bakin tulun.

"Ko ɗigo babu cikin gidan," in ji Tanko, bai san abin da yake taɓawa ba. "Liman na jira a yi mai wanka. Mun bi gidaje, abin da munka tara bai kai ba. Wanga zahi kuma, ba a iya jira."

Idonsa na kan tulun. Nata na kan tabarmin, da gefensu ya soma yin fari yana nannaɗewa.

"Ɗauka," ta ce.

Ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi da sauri, ruwan na ɗan fantsama a bayan rigarsa.

Ba ta bi shi ba. Mata sun taru a gidan, tana jiyo koke-kokensu daga nan, amma ba ta da fuskar shiga ɗakin da randar take. Bayan azahar maza suka fito da makara, suka bi ta gaban lakwal. Wasu suka saci kallon raƙumin da zangarniyar, suka sunkuyar da kai. Malam Istifanus na can ƙarshen sahu, hularsa a hannu.

Da ƙurarsu ta kwanta, Jummai ta miƙe ta yaye tabarmin ɗaya bayan ɗaya. Sun bushe ƙamas. Wurin mata yana nan sumul, sai wata siririyar tsaga da ta taso daga ƙasa. Ta ɗora yatsa a tsakiya, ta danna. Bai shiga ba.